Fatawa: An same ni da ƙwayar HPV, shin dole ne in gaya wa maigidana?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce, shekarata 36, wannan ne aurena na biyu, kuma ina da abokiyar zama. Watan jiya na je gwajin bakin mahaifa a asibiti, sakamako ya nuna ina da ƙwayar HPV nau'i na 16. Nas ɗin ta ce tana cikin masu iya jawo sankara, kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Malam, Allah shaida ban taɓa sanin wani namiji ba sai waɗanda na aura. Takardar na ninke ta na tura ƙasan akwati, mako uku ke nan duk ranar girkina sai na ƙirƙiri ciwon kai. In faɗa masa? Ya halatta mu ci gaba da kwanciyar aure? Ina tsoron ya zarge ni, ina kuma tsoron haƙƙin uwargida.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ki lafiya, 'yar'uwa, Ya saka miki da alheri da kika damu da haƙƙin wasu alhali ke ma kina cikin fargaba.

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi. HPV ƙwaya ce mai nau'o'i fiye da 100, kuma mafi yawan masu aure, maza da mata, sukan gamu da ita wani lokaci a rayuwarsu ba tare da sun sani ba. Kusan tara cikin goma garkuwar jiki ce ke kawar da ita cikin shekara 2. Nau'i na 16 da na 18 su ne sanadin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa, amma sai in ƙwayar ta zauna ta ƙi tafiya, kuma hakan yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 ga mai ƙarfin garkuwa. Saboda haka abin da ke cikin takardarki ba sankara ba ce. Gargaɗi ne ya zo miki da wuri.

Zan tsaya a kan maganar zargi, domin a nan gidaje ke mutuwa. Wannan ƙwaya tana iya kwanciya a jiki shekaru masu yawa shiru. Tana iya zama daga mijinki na fari, tana iya zama daga na yanzu, shi kuma daga wata da ya taɓa aura. Babu gwajin da zai nuna wanda ya fara kawo ta ko yaushe. To, abin da likita bai iya tabbatarwa ba, ta yaya miji zai gina tuhuma a kai? Allah Ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, mu nisanci da yawa daga zato. A Suratun Nur, aya ta 4, Ya yanke bulala 80 ga wanda ya jefi kamammiyar mace bai kawo shaidu huɗu ba. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo yana shakkar ɗansa saboda launin fatarsa. Annabi (SAW) ya tambaye shi launin raƙumansa, ya nuna masa cewa abu yakan taso daga asali mai nisa, ya rufe masa ƙofar zargi. Haramun ne maigidanki ya tuhume ki da wannan takarda, kuma haramun ne ke ma ki tuhume shi ko uwargidanki.

Shin aibi ne da ke raba aure? A'a. A mazhabar Malikiyya aibobin da ake mayar da aure saboda su sanannu ne: hauka, kuturta, albaras, da ciwon al'aura mai hana saduwa. Ƙwayar da galibi take wucewa da kanta ba ta shiga cikinsu. Aurenki na nan daram.

Amma faɗa masa, abin da na rinjayar shi ne wajibi ne a halin da kike ciki. Ba don shi kaɗai ba, ko da yake maza ma tana iya jawo musu sankarar maƙogwaro ko ta al'aura, sai dai ba kasafai ba. Babban dalili shi ne uwargida. Miji ɗaya kuke tarayya a kai, kuma abin da zai cece ta shi ne ta je gwaji, ba za ta je ba in ba a ce mata ta je ba. Annabi (SAW) ya ce: “Babu cuta, babu cutarwa,” kamar yadda Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. Shirun da zai bar wata ta makara har ciwo ya ci jikinta yana cikin cutarwa. Sai dai wajibin ya tsaya a kan maigida. Dangi da maƙwabta ba su da haƙƙin sani. Shi ma ya isa ya ce wa uwargida likita ya ba da shawarar matan gidan su yi gwaji. Ba sai ya ambaci sunanki ba. In kina jin harshenki zai sarƙe, ki roƙe shi ya raka ki asibiti, likita ya yi masa bayani da bakinsa. Namiji yakan fi karɓar irin wannan magana daga mai farar riga.

Kwanciyar aure halal ce, ki daina ƙirƙirar ciwon kai. Shekarun da kuka yi tare, mafi rinjaye shi ne kun riga kun yi tarayya a ƙwayar, ƙaurace masa yanzu ba zai mayar da hannun agogo baya ba. Amfani da kwaroron roba ya halatta da yardarku ku biyu, ƙiyasi a kan azalu, wato zubar da maniyyi a waje, da Jabir (RA) ya ce suna yi a lokacin da Alƙur'ani ke sauka. Yana rage yaɗuwa sosai, amma ba ya toshe ta gaba ɗaya, domin ƙwayar tana bi ta haɗuwar fata. In likita ya yi miki aiki a bakin mahaifa ya ce ku dakata wasu makonni, to dakatawar ta zama dole a kanku, kuma ba a kiran hakan ƙin miji.

Ki fito da takardar nan daga akwati ki koma asibiti a ranar da aka sa miki. In an ga bakin mahaifa ya fara sauyawa, ana ƙone wurin ko a daskarar da shi cikin mintuna, a sallame ki ranar. Kada ki musanya wannan da matsi ko jiƙo. Ki yi gwajin HIV, domin mai ɗauke da ita haɗarin sankarar ya ninka mata kusan sau 6. Ki nisanci taba da shisha. In kuma akwai 'yan mata a gidan masu shekara 9 zuwa 14, naki ko na uwargida, a kai su rigakafin HPV da Najeriya ta fara bayarwa kyauta tun Oktoban 2023. Halal ne, yana cikin neman maganin da Annabi (SAW) ya umarce mu da shi.

Wallahu a'alam.