Na Gyara Shokozobar Gaba, Sai Kan Babur Ya Karkace Birki Kuma Yana Goga

Tambaya: Malam barka da aiki. Shokozobar gaban babur ɗina ce ke yoyon mai, sai na kwance ta na canja sil da mai, na mayar da komai. Tun daga nan in ina tafiya miƙe sai in ga kan babur ya ɗan kalli hagu, faifan birki kuma yana goga har ya ɗauki zafi. Ko wani ƙarfe na lanƙwasa ban sani ba?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Ka ajiye babur ɗin nan tukuna, kada ka sake hawa sai birkin ya daidaita. Birkin gaba shi ne ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayar da babur, kuma faifan da ke zafi ba a taɓa birki ba zai iya lanƙwashewa, ko ya tafasa man birki ka matsa hannu ka ji wayam.

Da wuya a ce canjin sil ya lanƙwasa ƙarfe. Abin da na fi zato shi ne ka ɗaure notuna ba bisa tsarinsu ba. Ƙafafun shokozoba guda biyu dole su tsaya daidai wa daida, sandar da ke ratsa tsakiyar taya ta haɗa su ba tare da ta janyo ɗaya ciki ko ta tura shi waje ba. A yawancin babura masu birkin faifai, ƙafa ɗaya ce notin sandar ke kamawa, ɗayar kuwa an bar ta tana zamewa a kan sandar har sai an matse ƙananan notunan da ke ƙasanta. In ka matse waɗannan da wuri, ka kulle ƙafar a inda ba wurinta ba. Gidan birki kuma a jikin ƙafar yake, don haka duk inda ta karkata nan zai bi ta, faifai ya daina zama a tsakiyarsa. Shokozobar ma za ta riƙa cijewa, kamar aljihun tebur da aka tura a karkace.

Fara daga sama. Dubi tsawon da kowane bututun shokozoba ya leƙo a saman maɗaurin wuya, wato ƙarfen da ke riƙe bututun biyu a wuyan babur, ka auna da abin awo, kada ka dogara da ido. Dole su zo ɗaya. Hanya mai sauƙi ta tabbatarwa: in an cire taya, sandar ta ratsa ƙafafun biyu da turin hannu kawai. In sai da guduma take shiga, to ɗaya ta fi ɗaya sauka.

Daga nan ka duba zoben ƙarfen da ke kowane gefe na taya. Sau da yawa na hagu da na dama tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma musanya su kaɗai ya isa ya ture taya da faifanta gefe guda. Ka duba kibiyar da ke jikin taya tana nuna gefen juyawa. In agogon gudunka mai waya ne, ka tabbata haƙoran gidansa sun faɗa gurbinsu a jikin ƙafa, don in suka hau kai komai ba zai zauna ba.

Yanzu tsarin ɗaurin, wanda nan ne na fi so ka natsu. Sassauta notunan maɗaurin wuya na ƙasa, da na marfin taya mai tare laka, da ƙananan notunan ƙasan ƙafa. Na maɗaurin sama ka bar su a ɗaure, in ba haka ba babur zai zame ƙasa a kan bututun. Ɗaure notin sandar taya yadda littafin babur ya ce, ka matse ƙananan notunan gefen notin. Mayar da gidan birki, ka yi ta matsa hannun birki har ya yi tauri. Sai ka sauke babur a ƙasa, ka danna kansa da ƙarfi sau biyar ko shida shokozoba ta nutse ta dawo. Wannan dannawar ce ke sa ƙafar da ke sake ta nemi wurinta da kanta, murɗewar bututun kuma ta warware. In kan bai miƙe ba, tsaya a gaba ka matse taya tsakanin gwiwoyinka, ka juya kan a hankali har ya daidaita. Bayan haka ne za ka ɗaure maɗaurin ƙasa, sannan ƙananan notunan ɗaya ƙafar, marfin taya a ƙarshe.

Kada ka ɗaure waɗannan ƙananan notunan iya ƙarfinka. Galibi ba su wuce wajen Nm 20 zuwa 25 ba (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), kuma inda suke biyu ana matse su ne bi da bi. A shokozoba mai juyayyen kai, wadda kaurinta ke sama, matse maɗaurin ƙasa fiye da kima na danne bututu ya hana na ciki zamewa. Sifana mai auna ƙarfin ɗauri ta cancanci a mallake ta saboda irin wannan aiki.

Ɗaga gaba ka juya taya da hannu. Ɗan sassauƙan shafar takalmin birki a jikin faifai ba laifi ba ne. In gogar ba ta yankewa, duba fistin ɗin gidan birki ko ya ƙi komawa saboda datti, da sandunan da gidan ke zamewa a kai, ka wanke su ka sa musu giris na birki. In kuwa gogar tana zuwa tana ɗaukewa a wuri ɗaya kowane zagaye, faifan ne ya lanƙwashe, wataƙila an kwantar da taya a kansa. Iyakar da kamfanoni ke yarda da ita ƙanƙanuwa ce, tsakanin milimita 0.1 da 0.3 gwargwadon babur. Wanda ya wuce haka canja shi ake yi, ba a buga shi da guduma.

Tunda shokozobar ta yi yoyo, ka ciro takalman birki ka duba. In mai ya jiƙa su, wanki ba ya fitar da shi, sai dai sababbi, faifan kuma a goge shi tas da maganin wanke birki.

Masu birkin ganga, ku lura da gurbin da ke jikin murfin birki, dole ya shige cikin ɗan tudun da ke jikin ƙafar shokozoba. In bai shiga ba, murfin zai juya tare da taya da zarar an kama birki. Ku riƙe birki yayin ɗaure notin sandar don takalman su zauna a tsakiya, ku bar wa hannun birki wasa na milimita 10 zuwa 20.

In ka bi duk wannan kan bai miƙe ba, sai a fara zargin ƙarfe. Ciro sandar taya da bututun ciki ka mirgina su a kan gilashi, lanƙwasa za ta nuna kanta. Iyakarta a yawancin littattafai wajen milimita 0.2 ce, kuma wannan awon gara ka kai wa bakanike mai agogon awo. Gwajin farko kuma ka yi shi a fili da gudu kaɗan, ka tsaya ka kai hannu kusa da faifan ka ji ko yana fitar da zafi kafin ka hau titi.