Faifan farko da jita a Jos

Tambaya: Yaya, ina rera waƙa da jita, kuma salon rok, wato kiɗan jita da ganguna, nake so a faifaina na farko. Situdiyon da na je sun ce sai dai kiɗan kwamfuta. In haƙura?
Mai karatu, Unguwar Rogo, Jos

Amsa: Kada ki haƙura, ƙanwata. Suna da hujja, domin naɗar gangunan bature na buƙatar makirfo da yawa da ɗaki mai faɗi, ƙananan situdiyo kuwa ba su da su. Amma Jos cike take da makaɗan coci masu hannu a ganga da jita. Nemo biyu, ku yi ta gwaji har waƙoƙin su zauna kafin ki biya kuɗin awa ɗaya. A fara naɗar ganga, jita ta biyo baya, murya a ƙarshe, kafin yawan hira ya dushe ta.

Ga misali: Mdou Moctar, mawaƙi kuma makaɗin jita na Nijar, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, ta wayoyin hannu ya bazu. Ni dai waƙa shida masu tsafta sun ishe ni, kuma ina roƙonki ki rera da Hausa.