Amsar Kawu kan madubin da ya fashe

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na ga saƙonki tun daren Talata, sai na ga gara in zauna in rubuta miki, don ki samu abin da za ki riƙa komawa kina dubawa.

Kin ce madubi ya suɓuce miki ya tarwatse da safen ranar da za ki je ganawar neman aiki, gabanki ya faɗi, kika tsaya kina kallon tarkacen kina tunanin ko ki fasa zuwa. Daga baya kin tafi, amma kin wuni kina jin kunyar kanki, mai ilimi kamarki a ce madubi ya razana ta. Sai kika tambaye ni: wai da gaske mutane sun yarda da waɗannan camfe-camfe na rashin sa'a, ko kuwa baki ne kawai ya saba da faɗinsu?

Abin da na gani a tsawon rayuwata shi ne, yawancin mutane a tsakiya suke. Ki tsayar da mutum ki tambaye shi ko ya yarda kukan mujiya yana kawo mutuwa, zai ce miki a'a, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma ki bari mujiyar ta sauka a kan rufin ɗakinsa da tsakar dare alhali yana da mara lafiya a kwance, ki ga ko zai runtsa. Kansa bai yarda ba, ƙirjinsa ne ke bugawa. Masu yarda da zuciya ɗaya kaɗan ne, waɗanda abin ba ya taɓa su ko kaɗan su ma kaɗan ne. Sauranmu muna cewa ne "ban dai yarda ba, amma me zan rasa in na kauce?" Wannan kalma ta "me zan rasa" ita ke ciyar da camfi a duniya.

Kada kuma ki ɗauka abin na marasa karatu ne ko na talakawa. A Amurka akwai dogayen benaye da yawa waɗanda in kika shiga na'urar hawa za ki ga lamba 12, sai 14, babu 13. Hawan yana nan daram, suna kawai aka sauya masa. Injiniyoyin da suka auna ƙarfe da siminti suka tsayar da ginin sun san lamba ba ta rushe bene, amma mai ginin ya san akwai waɗanda ba za su kama haya a hawa na 13 ba. Kamfanin jiragen sama na Jamus, Lufthansa, ba shi da layin kujeru na 13, ba shi da na 17, domin a Italiya 17 ce lambar da ake gudu. A Sin da Japan da Koriya kuwa 4 ce abin ƙi, saboda furucinta ya yi kama da furucin kalmar mutuwa. Su kuma Sinawa suna son 8, har gasar Olamfik ta Beijing sai da aka buɗe ta ranar 8 ga wata na 8 na shekarar 2008, da ƙarfe 8 na dare. Ba ƙauyawa ne suka tsara wannan ba, gwamnati ce.

Ki lura da wani abu a nan, domin shi ya fara warware mini kai tun ina saurayi. Baƙar kyanwa in ta gitta wa Ba'amurke sai ya ce yau ba sa'a, amma a Japan da sassan Birtaniya alamar alheri ce. Bature na Ingila yana tsoron Juma'ar da ta faɗo ranar 13 ga wata, mutumin Girka da na Sifaniya kuwa Talata 13 suke tsoro, Girkawa ma suna danganta abin da faɗuwar birnin Kustantiniyya, Istanbul ta yau, wanda aka ci ranar wata Talata a 1453. To kyanwar nan ta san iyakar ƙasa ne? Wuta tana ƙona Basine tana ƙona Bajamushe, dafin maciji ba ya tambayar fasfo. Abin da yake cutarwa da gaske, ko'ina cutarwa yake. Wanda kuwa yake canza hali in an ƙetare kogi, a cikin kawunan mutane yake zaune.

Yadda yake shiga kan kuwa, akwai wani masanin halayya na Amurka, B. F. Skinner, da ya nuna shi da tantabaru a 1948. Ya sa tantabaru masu jin yunwa a keji, ya haɗa na'urar da ke miƙo musu tsaba duk bayan daƙiƙa 15, ko me tsuntsuwar take yi, ko ba ta yin komai. Ba a daɗe ba shida daga cikin takwas suka ɗauki wasu ɗabi'u. Wata ta riƙa juyawa tana zagaye, wata ta riƙa cusa kanta a kusurwar keji. Abin da kowace take yi lokacin da tsaba ta zo, shi ta riƙe, kamar shi ya kawo abincin. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Mu ma haka muke, sai dai mu muna da baki, muna gaya wa 'ya'yanmu, su gaya wa nasu.

Sannan zuciya ba ta da adalci wajen ƙidaya. Idonki zai yi rawa sau ɗari ba abin da ya faru, ba za ki tuna ko ɗaya ba. Ranar da ya yi rawa da safe aka yi miki mummunan albishir da yamma, wannan za ki riƙe har tsufa. Kin san labarin kumbon Apollo 13? An harba shi ranar 11 ga Afrilu 1970 da ƙarfe 13:13 agogon birnin Houston na Amurka, tankin iskar oksijin ɗinsa ya fashe ranar 13 ga watan. Masu tsoron 13 har gobe suna kafa hujja da shi. Amma 'yan sama jannatin nan uku duk sun dawo gida da ransu, kuma bincike ya gano lalacewar wayoyin lantarki ne a cikin tankin. Wanda ya ci rayuka shi ne Apollo 1, da gobara ta tashi a cikinsa ranar 27 ga Janairu 1967 ana gwaji a ƙasa, mutum uku suka mutu. Ban taɓa jin wanda ya ce lamba 1 shu'uma ce ba.

Yanzu bari in zo inda na fi so ki tsaya, wato kunyar da kika ji. Wannan faɗuwar gaban an san da ita tun zamanin Sahabbai. Larabawan jahiliyya in za su yi tafiya sai su kori tsuntsu, in ya yi dama su tafi, in ya yi hagu su koma gida. Daga nan kalmar ɗiyara, wato camfi da Larabci, ta fito, daga sunan tsuntsu. Mu'awiya ɗan Hakam, yana sabon shiga Musulunci, ya gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa a cikinsu akwai masu yin wannan camfi. Amsar da aka ba shi tana cikin Sahihu Muslim: wannan wani abu ne da suke ji a ƙirazansu, to kada ya hana su abin da suka nufa. Ki duba hikimar. Ba a ce masa ƙarya ne ba sa ji ba, ba a kuma ce kada su ji ba, domin mutum ba shi da iko da bugun ƙirjinsa. Ƙafarsa yake da iko da ita. Ke gabanki ya faɗi, kika ɗauki jakarki kika fita. Wallahi ɗiyata abin da aka nema ke nan, kuma kin yi.

Ni ban yi ba, a wani lokaci, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ina da shekara ashirin da wani abu aka aiko mini cewa abokina na ƙut-da-ƙut ba shi da lafiya, yana nemana. Na shirya da sassafe, ina fita na yi tuntuɓe da ƙafar hagu har yatsa ya fashe. Wani dattijo da ke wurin ya ce mini tafiyar nan ba ta karɓe ni ba, in bari sai gobe. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, ina kyautata masa zato har kabarinsa. Ni ma a bakina ban yarda ba, amma na ce a raina kwana ɗaya ne, me zan rasa. Na isa washegari na tarar an dawo daga maƙabarta. Na san zuwana ba zai ƙara masa ko numfashi ɗaya ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma ya nemi ya gan ni, ni kuma na bar dutse ya yanke mini shawara. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini camfi ba ya cin komai, sai in yi shiru in tuna da shi.

Wanda ya fi wannan muni shi ne in camfin ya tashi daga kan kyanwa da madubi ya koma kan ɗan Adam. A Japan akwai shekarar da suke kira ta dokin wuta, tana zagayowa duk bayan shekara 60. An yi imani macen da aka haifa a cikinta za ta yi taurin kai ta kuma janyo wa mijinta ajali. Da ta zo a 1966, haihuwa a ƙasar ta faɗo daga kusan miliyan 1.8 a shekarar da ta gabata zuwa ƙasa da miliyan 1.4, a 1967 kuma ta haura miliyan 1.9. Wannan fa ƙasa ce da ta riga ta ƙera jirgin ƙasa mai gudun tsiya tun 1964. Na tabbata da yawan iyayen nan ba su yarda da dokin wuta ba. Tsoronsu shi ne kada su haifi yarinyar da wasu za su ƙi aura. Kowa yana kaucewa saboda yana zaton maƙwabcinsa ya yarda, maƙwabcin shi ma haka.

Shi ya sa ba na iya jure jin an ce da mace mai farar ƙafa. Yarinya ta shiga gidan miji, kasuwa ta karye masa ko wani ya rasu, sai a bar duk dalilan da ke bayyane a ɗora mata. Ba ta da hanyar wanke kanta, domin ba wani laifi aka ce ta yi ba balle ta musanta, kasancewarta ce laifin. Alƙur'ani ya ba mu labarin mutanen Fir'auna: in alheri ya zo su ce namu ne, in masifa ta same su sai su camfa Annabi Musa da waɗanda ke tare da shi. Mutanen Annabi Salihu ma haka suka ce masa. Duk wanda zai camfa ɗan'uwansa, ya dubi sahun da ya shiga. In kika ji ana yi wa wata haka a gabanki, ko manya ne, ki yi magana da ladabi, amma ki yi.

Akwai kuma ranar da rana ta yi husufi a shekara ta 10 bayan hijira, daidai ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu. Mutane suka ce don mutuwarsa ne. Uba ne a cikin baƙin ciki, maganar kuma ta girmama ɗansa ce, amma ya miƙe ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Nana A'isha kuwa, da yake Larabawa suna camfa aure a Shawwal, takan faɗa da bakinta cewa a Shawwal aka ɗaura mata aure, a Shawwal ta tare, kuma wace ce ta fi ta matsayi a wurin mijinta?

Za ki ce to waɗanda ke da amfani fa, irin kada a bi ta ƙarƙashin tsani, ko kada a yanke farce da dare, wanda za ki ji shi a Indiya da Turkiyya da Japan duka? A ganina wasunsu nasiha ce aka sa mata rigar tsoro. Mai aiki a kan tsani na iya sakin guduma, reza a cikin duhu na iya cin yatsa. Ban zargi iyayen da suka yi haka ba, da abin da ke hannunsu suka yi tarbiyya. Amma in Allah ya ba ki naki, ki gaya musu dalilin kai tsaye. Yaron da aka tsorata da ƙarya, ranar da ya gano, yakan haɗa har da gaskiyar da aka gaya masa ya watsar.

In faɗuwar gaban ta sake zuwa, kuma za ta zo, ki yi Bismillah ki ce Allah babu alheri sai naka, ki ci gaba da abin da ke gabanki. Manzon Allah yana son kyakkyawan fata, kalma mai daɗi da mutum zai ji ta ƙara masa ƙarfi. A Hudaibiyya da ya hango Suhailu ɗan Amru ya zo sulhu, sai ya ce wa Sahabbai al'amarinku ya yi sauƙi, saboda sunan mutumin daga sauƙi yake.

Ban sani ba ko za su ɗauke ki aikin. In sun ɗauka, ba madubin ne ya yi kuskure ba, in kuma ba su ɗauka ba, kada ki bari zuciyarki ta je ta ɗauko shi ta ce ai dama. Akwai wasu masu nema, akwai abin da masu ɗauka ke dubawa, akwai kuma rabo.

Ki tabbata kin share wurin da kyau, ki bi da jiƙaƙƙen tsumma saboda ƙananan tarkacen da ido ba ya gani, kada yaran gidan su taka. Ki gaida mini mahaifiyarki, ki ce ina nan tafe bayan sati biyu in Allah ya yarda. Duk yadda ta kaya da masu aikin, ki kira ni ranar da suka ba ki amsa.

Kawunki.