Agola a littafi, agola a gida

Tambaya: Anti, ni bazawara ce mai yara biyu. A littattafan soyayyar da nake karantawa, mace na sake aure yaranta sun rungumi sabon miji. Nawa ɗan kuwa, mai shekara 9, da ya ji sallamar manemina sai ya shige ɗaki. Ni ce na gaza?
Maman Biyu, Zariya

Amsa: Ƙanwata, ba ki gaza ba. Marubuciya na da ikon dunƙule shekara biyu a shafi guda, ke ba ki da shi. Ni ma agola ce. Sai da na shekara ina ce wa mijin mahaifiyata "kai", bai taɓa tsawata mini ba. Ranar da ya durƙusa ya ɗinke mini silifas da allura, ranar na fara ce masa Baba.

Kada ki tilasta wa yaron. Ku kuma daidaita da dangin ubansa a kan inda zai zauna tun kafin a sa rana. In littafi kike so, nemi "Alhaki Kuykuyo Ne" na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, inda Rabi ta riƙe 'ya'ya tara da sayar da abinci.