Amsar tambayarka kan faifan kiɗan katun ɗin Japan

Jiya ka tare ni a bakin ƙofar situdiyo ina haramar sallar la'asar. Ka ce ka sauke kundin kiɗan Dragon Ball Z wanda aka fitar a Amurka, ka saurare shi daga farko har ƙarshe, amma ba ka ji ko taki ɗaya na kiɗan da ka saba ji a fim ɗin na Japananci ba. Kana tambaya ko jabu aka ba ka. Na ce ka bari sai na zauna, domin tambayar taka ta fama mini wani tsohon miki.

Ba jabu ba ne, yarona. Fim ɗin kiɗa biyu gare shi. Na asali Shunsuke Kikuchi ne ya rubuta shi, tun da aka fara nuna shirin a Japan a 1989, da kakaki da ganguna da goge irin na manyan makaɗa. Da kamfanin Funimation na jihar Texas ya ɗora wa shirin muryoyin Turanci, sai ya ɗauke wannan kiɗan gaba ɗaya. Daga 1999 wani Ba'amurke mai suna Bruce Faulconer ne ya riƙa yi musu sabo da fiyano da sautin jita mai lantarki, kuma nasa ne aka tara a faifan da ke hannunka. Yaran Amurka da shi suka tashi, har gobe wasunsu suna rantsuwa ya fi na asali. Ni ban yarda ba. Kikuchi ya san inda ake yin shiru a bar mai kallo ya ji bugun zuciyarsa, wancan kuwa kiɗa yake zubawa kamar famfon da aka manta a buɗe.

Dalilin canjin bai wuce biyu ba. Masu tashoshin can sun ɗauka yaro ba ya jure shiru, da an yi ɗif zai canza tasha. Wannan tunanin bai bar ko manya ba. Da Disney za ta fitar da Castle in the Sky da Turanci, katun ɗin Japan da aka yi tun 1986, sai da aka koma wa Joe Hisaishi, mai kiɗan na asali, aka roƙe shi ya sake shi da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, ya kuma tsawaita shi zuwa kusan minti 90 don a cike guraben shiru. Dalili na biyu kuɗi ne, kuma nan nake so ka buɗe kunnenka. Haƙƙin hoto daban yake da haƙƙin kiɗa. Wanda ya mallaki kiɗa yana karɓar rabonsa duk lokacin da aka nuna shirin, yana kuma iya buga faifai ya sayar. In ka bar kiɗan Japanawa, rabon nan Tokyo zai tafi. Dubi fim ɗin Pokémon na farko da aka nuna a Amurka a 1999. An cire kiɗan Shinji Miyazaki, aka fitar da kundi cike da waƙoƙin irin su Britney Spears da Christina Aguilera, wasu ma ba za ka ji su a tsakiyar labarin ba ko ka kalli fim ɗin sau goma. Kundin ya sayu fiye da kwafi miliyan 2.

To irin wannan faifan ne ya cinye mini babur da guminmu na mako tara.

Zamanin da kasuwar sidi take tashe ne, kana goye a lokacin. Wani mutum ya zo mini da la'asar sakaliya, babbar riga ta sha aiki, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Surukin wani abokina ne ya rako shi, shi ya sa na saki jiki. Ya ce ya sayi izinin wani fim ɗin katun na Japan, yana so a mai da shi Hausa saboda yara. Ya ajiye mini faifan fim ɗin mai muryoyin Turanci, da faifan kiɗa guda biyu a cikin ledarsu, ya ce daga waje aka aiko masa.

Tambayar farko da na yi masa ita ce, ina layin kiɗa da ƙararraki? Duk wanda ya sayi izini da gaske, kamfanin da ya yi fim yakan ba shi sauti na musamman wanda babu magana a ciki, sai kiɗa da takun sawu da ƙarar ƙofa da iska, don ya ɗora harshensa a kai. Ya yi murmushi ya ce wannan yana hanya, kafin ya iso in yi maneji da faifan nan biyu, ai kiɗan fim ɗin ne. Na tambayi takardar izini, ya ce tana wurin lauyansa. Na nemi kafin alƙalami, ya ba ni abin da bai wuce kuɗin man janareta na mako guda ba, ya ce Malam, tsakaninmu ai ba a haka. Saboda kunyar wanda ya rako shi na yi shiru.

Ka san in ka kashe muryar Bature a irin wannan faifan, komai ne yake mutuwa tare da ita, don a cakuɗe suke. Sai hoto ya zama kurma. Dole na gina duniyar fim ɗin daga tushe. Na shimfiɗa tsakuwa a cikin tire na sa yaro yana takawa da silifa, na karya karan dawa a gaban makirufo don ƙarar itace, na kaɗa tsohon kwanon rufi don tsawa. Wannan duk bai dame ni ba, sana'ata ce, kuma a garin nan a lokacin ba a kai mutum uku da za su iya ba.

Da na zo kan kiɗa ne ido ya raina fata. Faifai na farko waƙoƙin Turawa ne zalla, irin waɗanda ake rubuta wa a bango cewa fim ɗin ne ya zaburar da su. Biyu kawai na samu a cikin fim ɗin, su ma a ƙarshe, wajen da sunaye suke hawa. Na biyu shi ne kiɗan gaske, amma an shirya shi ne don mai sauraro a ɗaki. Abin da ya ɗauki daƙiƙa 40 a fim, a faifai ya zama minti uku, da gabatarwa da rufewa. An haɗe guntaye biyu sun zama ɗaya, wasu wuraren kuma babu su sam. Na yanka, na jona, na dasa kowanne a gurbinsa. Sai na lura ina ɗora kiɗa daidai a farkon fage, kafin minti ɗaya ya cika hoto ya tsere masa. Kwana biyu ina zargin kwamfutata. Ashe kwafin da ya kawo an juya shi zuwa tsarin PAL, irin na talabijin ɗinmu. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, PAL kuwa 25, don haka komai ya ƙara gudu da kusan kashi 4 cikin 100. A kowane minti kiɗan faifai yana makara da daƙiƙa biyu da 'yan kai, amon fim ɗin kuma ya ɗaga sama kaɗan, bai kai taki ɗaya na fiyano ba, amma kunnen da ya san aiki zai ji. Ga shi yawan gutsattsarin sautin da ake ɗauka a kowace daƙiƙa ma ba ɗaya ba ne, na faifan kiɗa dubu 44.1 ne, na bidiyo dubu 48. Ku yanzu maɓalli ɗaya kuke dannawa manhaja ta gyara, ba ku ma san me ta gyara ba. Ni da lissafi da biro na yi shi, guntu bayan guntu. Inda faifan bai da kiɗa, na zauna gaban fiyano na saurara na buga da hannuna.

Mutum goma sha ɗaya suka ɗora murya, har da yara biyu da nake sayo wa burodi da shayi don kada barci ya kwashe su. Wuta ba ta zama, janareta ke kwana yana ci. A mako na shida kuɗi ya ƙare, mutumin ya ce kayansa sun maƙale a kan iyaka, in ƙara haƙuri. Na sayar da babur ɗina na sallami masu murya, don ban taɓa cin gumin kowa ba.

Da aiki ya kammala ya zo ya kalla, har da tafi. Ya ce in ba shi kwafi ɗaya ya nuna wa abokan hulɗarsa, jibi zai dawo da cikon kuɗi. Na miƙa masa cikakken aiki, tsaf, babu tambari a kan hoto, babu inda na rage.

Kwana goma sha biyu bayan nan ina ratsa kasuwa a ƙafa, na ji wani kiɗa yana tashi daga sifikar wata rumfa. Na tsaya cak. Hannuna ne, wurin da na buga da ƙarfe uku na dare, har da ɗan jinkirin da na yi da gangan kafin yarinyar fim ɗin ta buɗe ƙofa. Na ɗauki faifan na juya bangonsa, sunana ba ya ko'ina. An tara su a kan tebur kamar tumatir. Da na same shi, ko gezau bai yi ba, ya ce in nuna takardar da muka yi. Manya suka shiga tsakani aka zauna sau biyu, a nan ne ta fito fili cewa babu wani izini, babu lauya, faifan kiɗan ma a wani shago ya saye su. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce in na kai ƙara, za a fara tambayata wa ya ba ni ikon taɓa fim ɗin mutane da kiɗansu. Abin da aka tilasta masa ya ba ni bai sayi tayar babur biyu ba. Har yau in na ji an ce kundin kiɗan fim, ƙamshin turaren mutumin nan nake ji.

Shi ya sa raina ya ɓaci da na ji kana gaya wa abokinka za ka yanko wani yanki daga faifan nan ka ɗora a waƙar da kuke haɗawa. Ku 'yan zamani kun ɗauka duk abin da ya sauka a waya gadon gidanku ne. A watan Maris na 2011, kamfanin Toei na Japan da ya yi shirin, shi da kansa ya janye kiɗan Kenji Yamamoto daga Dragon Ball Kai, wato Dragon Ball Z da aka sabunta, bayan an gano wasu sassa na iya taka haƙƙin wasu mawaƙa, aka mai da tsohon kiɗan Kikuchi a gurbinsa. Kamfani mai lauyoyi ke nan, ballantana kai da ko kujerar da kake zaune a kai tawa ce. Ba a situdiyona ba.

Kuma kun samu sauƙin da ba mu samu ba. Yanzu galibi kiɗan asali ake fitar wa Turawan yadda yake. Kamfanin Milan Records ya sake buga kiɗan katun ɗin Akira a faifan garmaho a 2017, kuma a fim ɗin Your Name ƙungiyar RADWIMPS da kanta ta rera waƙoƙinta da Turanci, ba a ɗauko bare ya maye gurbinta ba. Komai yana gabanku, sauraro ne ba kwa yi. Kuna jin daƙiƙa goma ku tsallake.

Batun yadda ake daidaita ƙarfin sauti da jera layuka da ka haɗa a tambayarka, ba zan ɓata bakina ba, shekararka guda kana kallon hannuna. Gobe ka zo bayan sallar asuba kafin masu ɗaukar waƙa su cika wurin. Ka nemo fage guda na fim ɗin nan, na Japananci da na Turanci, mu kunna su ɗaya bayan ɗaya. Ka zo da biro da takarda, za ka rubuta mini daƙiƙar da kiɗa ya shiga da wadda ya fita a kowanne, kuma wayarka a aljihu za ta zauna.