Ɗana yana da hadda, amma rubutu ya gagare shi

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 9, yana aji huɗu na firamare. A Islamiyya ya fi sa'o'insa hadda, amma da zarar ya riƙe fensir sai komai ya dagule. Rubutunsa ba ya bin layi, yana musanya b da d, kuma kalma ɗaya sai ya rubuta ta iri uku a shafi guda. A shifta kullum shi ne na ƙarshe. Malamin ajinsu ya ce lalaci ne, mahaifinsa kuma ya fara sa masa bulala. Bahago ne, mun tilasta masa rubutu da dama tun yana aji ɗaya. Mene ne abin yi?

Wata uwa daga Zariya

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Yaron da yake riƙe surori a ka har ya zarce sa'o'insa ba malalaci ba ne, ba kuma daƙiƙi ba ne, don haka roƙona na farko shi ne ki zauna da mahaifinsa cikin ladabi ku ajiye bulalar nan. Duka ba ya gyara hannu, illa dai ya sa yaro ya tsani littafi.

Abin da kika bayyana matsala biyu ce da ta haɗu a kan yaro ɗaya. Ta farko ta hannu ce, wato yadda yake sarrafa fensir; ta biyu kuwa ta haɗa sauti da baƙi ce. Za ki iya rarrabe su a gida. Ki rubuta masa jimla ya kwafa yana kallo, sannan ki rufe takardar ki yi masa shiftarta. Idan kwafin ma ya fito a karkace, yana danna fensir har takarda ta huje, yana kukan yatsu, to hannun ne, kuma idan abin ya yi tsanani masana suna kiransa disgirafiya. Idan kuwa kwafin ya yi dama-dama amma shiftar ta rushe, ya tsallake wasali ko ya juya baƙaƙe, musamman in yana yin tuntuɓe wajen karatu a bayyane, to abin ya fi kama da disleksiya, wato lalurar da ke wahalar da karatu da harhaɗa baƙaƙe.

Wannan lalura ba sabuwa ba ce. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 wanda malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki ake koyar da komai, da shi ne zai fi kowa a makarantar, amma ko sunansa yakan kuskure wajen rubutawa. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma takan bi jini, saboda haka ki bincika ko a dangi akwai wanda ya sha irin wannan wahala.

Musanya b da d abu ne da yara da yawa suke yi har zuwa wajen shekara 7, sai su daina. Ɗan Bahaushe ma aikinsa ya ninka, domin b da d da ɓ da ɗ duk suna kama da juna. Amma a shekara 9 ya kamata a ce ya wuce wurin, shi ya sa ban ce ki jira ba. Wasu za su ɗora laifin a kan rubutun Larabci da yake tafiya daga dama zuwa hagu; kada ki cire shi daga Islamiyya saboda wannan, domin a nan ne yake ganin kansa a matsayin mai iyawa, kuma yana bukatar hakan.

Batun hagu kuwa, kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, kuma haka aka halicce shi. Cin abinci da dama ladabi ne da za ku ci gaba da koya masa, amma rubutu wani abu ne daban. Ki bar shi ya gwada hagun na 'yan makonni, ki karkata masa saman takardar zuwa dama, ki kuma roƙi malami ya zaunar da shi a gefen hagu na benci don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta abokin zamansa.

Kafin komai, a duba idonsa da kunnensa. Kaduna ba ta da nisa da ku, kuma a can ne Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ta Kunne suke. A Shika ma, kusa da Zariya, likitocin yara na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello za su iya tura ku wurin masanin halayyar yara.

A gida, minti goma sha biyar a kullum sun fi awa biyu a ranar Asabar. Ki fara da Hausa, domin baƙinta da wasalinta suna bin furuci, ba kamar Turanci ba, inda sauti ɗaya yake da rubutu iri-iri. Ki sa ya karya kalma gaɓa-gaɓa da tafi, ma-ka-ran-ta, ya zana kowace gaɓa da yatsa a faranti mai rairayi yana furta ta, sannan ya koma kan takarda. Kada ki haɗa masa b da d a mako ɗaya. Sai ɗayan ya zauna sosai a kawo ɗayan. Ki kuma nemi malamin ya rage masa yawan kwafe allo, ya riƙa yi masa wasu tambayoyin da baki, domin a auna abin da ya sani.

Bayan zangon karatu ɗaya, ki sake rubuto mana yadda aka kwana. Allah Ya buɗa masa.