Yaya fursunonin da Ingila ta kai Ostiraliya suka rayu?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa fursunoni ne suka gina Ostiraliya. Kulle su aka yi a gidan yari a can, ko yaya rayuwarsu ta kasance?

Amsa: Ɗan'uwa, yawancinsu ba su zauna a kurkuku mai katanga ba, aiki aka kai su yi. Daga 1788 zuwa 1868 Ingila ta kwashi mutum kusan 162,000 zuwa can, kimanin 25,000 daga cikinsu mata ne. Galibi laifinsu sata ne, ta tufafi ko tunkiya ko agogo, hukuncin kuwa shekara 7, ko 14, ko ɗaurin rai da rai. A da Amurka ake kai irinsu. Da Amurka ta ƙwaci 'yancinta sai gidajen yari suka cika maƙil, har ana tsare mutane a tsofaffin jiragen ruwa a kogin Thames.

Wahala tun a teku take farawa. Ayarin farko, jirage 11 ƙarƙashin Arthur Phillip, ya yi wata takwas a hanya kafin ya sauka a watan Janairun 1788. A ayari na biyu, a 1790, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na fursunonin sun mutu a hanya, don an biya 'yan kwangila bisa yawan waɗanda suka ɗauka, ko sun isa da rai ko ba su isa ba.

Bayan sauka, abin da ya fi yanke wa mutum makoma shi ne hannun da ya faɗa. Gwamnati kan riƙe wasu don gine-gine da yin hanyoyi, sauran a raba su ga manoma da masu kiwon tumaki, su yi aiki ba albashi, sai abinci da tufa. Wanda ya dace da ubangida mai tausayi zai iya koyon sana'a. Wanda bai dace ba, ƙara ɗaya gaban majistare ta isa a yi masa bulala 50 saboda rashin kunya ko lalaci. In ya sake laifi a sa masa mari a ƙafa yana fasa dutse, ko a tura shi Port Arthur a Tasmaniya, ko tsibirin Norfolk inda azaba ta fi tsanani. A ganina nan ne zaluncin tsarin yake: mutum biyu, laifi ɗaya, hukunci ɗaya, amma rayuwarsu ta sha bamban saboda halin wanda aka damƙa su gare shi. Matan da ba a raba ba ana tara su a gidajen aiki irin na Parramatta, suna kaɗi da saƙa.

Akwai ƙofar fita. Mai ladabi kan samu takardar sassauci bayan 'yan shekaru, ya yi aikin kansa a gundumar da aka ƙayyade masa. Mary Reibey, wadda aka yanke wa hukunci tana yarinya saboda satar doki, ta zama hamshaƙiyar 'yar kasuwa, hotonta na kan takardar dala 20 ta ƙasar a yau. Irinta kaɗan ne. Komawa gida kuwa sai mai kuɗin jirgi, wanda kuma aka yi wa afuwa bisa sharaɗi an hana shi taka Ingila.

Gonakin da aka ba wasunsu bayan sun gama wa'adi, ƙasar 'yan asalin wurin ce, Aborijin, waɗanda aka kora daga cikinta da bindiga, cututtukan da baƙin suka kawo kuma suka hallaka da yawa daga cikinsu.